Ɗari a Adar: Inda Kuɗin Icce Ke Zurarewa

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, in iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ta tsallako tsaunukan Adar ta faɗa kwarin Maggiya, lissafin cefane kan canja a gidajen Madawa, Buza da Keita. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka kusa da digiri 15, wani daren ma ƙasa da haka. Ba wanda ke jiran takardar kuɗin ɗumama gida daga wani kamfani kamar mutanen Turai. A nan da icce ake biya: na ruwan alwala da wanka, na kaskon tsofaffi, na wutar da yara ke kewayewa kafin rana ta fito. Gidan da aka yi haihuwa a wannan tsakani kuwa sai an ƙara da iccen wankan jego, safe da yamma, har a yi arba'in.

Icce a wannan yanki ba abin banza ba ne, kuma dattawa sun san dalili. Bayan farin shekarun 1970 ƙasa ta kwaile, iska tana kwashe turɓayar gonaki. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan bedi a kwarin Maggiya, wajen Buza, jeri biyu-biyu, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin layi da layi, har suka kai ɗaruruwan kilomita. Don a kare hatsi daga iska aka dasa su, amma da suka girma aka shiga sassabe rassansu, sai ga icce da sandunan rufi. A Keita kuma, gagarumin aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO ya soma a 1984, kuma an dasa itatuwa kusan miliyan 18. Mata ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka haƙa ramukan tare ruwa. Su ne kuma har yau ke tafiya neman icce in ya yi wuya, shi ya sa maganar tattalinsa ta fi shafarsu.

Babbar ɓarnar tana murhu. Duwatsu uku a tsakar gida, tukunya a kai, iska na kaɗawa ta ko'ina: abin da ke shiga tukunyar daga zafin wutar bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Sauran yana tafiya ta gefe, kuma hunturu na ƙara kwashe shi. Tun shekarun 1980 aka yi ta yaɗa ingantaccen murhu a Nijar, na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi da na laka da ake kira Albarka. Hikimarsu ɗaya ce: a kewaye wutar da bango, a bar mata ƙofa guda, a sa tukunya ta zauna daidai yadda harshen wuta zai lashi gindinta da gefenta kafin ya fita. In an yi shi daidai da girman tukunya, yakan rage icce da kimanin kashi ɗaya cikin uku. In tukunyar ta yi masa kaɗan ko ya tsage aka bar shi, ribar ta tafi. Wannan ne ya kashe murahu da yawa da aka rarraba da biki da jawabi, ba a koma an duba su ba.

Sauran dabarun ba sa cin ko dala. Ɗanyen icce yana ɓata ƙarfinsa wajen ƙafar da ruwan jikinsa kafin ya ba da zafi, don haka wanda aka faskara aka shanya tun kaka ya fi auki. Murfi a kan tukunya, jiƙa wake tun dare, kashe guntun icce da ƙasa in an sauke girki maimakon a bar shi ya cinye, ɗora tukunyar ruwan wanka a kan garwashin tuwon dare. Ko zana guda da aka kafa ta gabashin madafa tana aiki.

Sai ɗakin kwana, inda ake yawan yin zaɓen da ke da tsada. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana sannu a hankali, ya riƙe shi, ya riƙa sakinsa cikin ɗaki da dare. Rufin ƙasa ma haka. Kwano kuwa da rana ta faɗi ya huce, ya shiga zubar da ɗumin ɗakin zuwa sama, ga iska na shigowa ta tsakaninsa da bango. Magidanci ya dawo daga ci-rani a Abijan ko Legas, ya rushe ɗakin ubansa ya yi na bulo da kwano, a taya shi murna. A Janairu ya kwana da kasko, a Afrilu ya kwana a waje. Ba a ce kwano ba shi da amfani ba, wanda ya taɓa gyaran yoyo da damina ya sani. Amma silin, ko da na tabarma ne, da toshe kafofin da ke ƙarƙashin kwanon ta gabas da arewa, da labule mai kauri a ƙofa, suna rage buƙatar wuta ƙwarai. Akwai ma ginin ƙasa mai tulluwa wanda ba ya buƙatar azara ko ɗaya, da aka fara gwadawa a Cikal cikin ƙasar Filinge a 1980, aka kuma horar da magina a kansa.

A nan fa akwai iyaka, don toshe ɗaki da garwashi a ciki yana kisa. Gawayin da ke ci inda iska ba ta isa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, jini kuma yana kama ta fiye da iskar shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Ciwon kai ne farko, sai jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai. A ɗumama ɗaki da kasko tun da magariba, a fitar da shi kafin a kwanta, sannan a rufe ƙofa. Hayaƙin icce shi ma yana da nasa lahanin a hankali: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne suka mutu a 2020 sanadin gurɓatar iskar cikin gida, kuma ƙananan yara masu ciwon haƙarƙari suna da yawa a cikinsu.

Gas fa? Matatar Damagaram tana samar da shi tun 2011, kuma tukunyar kilo shida ta zama ruwan dare a birane. A cikin garin Madawa mai albashi ko mai cinikin albasa zai iya. A ƙauye kuɗin tukunyar farko da nisan wurin cikawa su ne cikas, ga shi icce ana iya sayensa ƙulli-ƙulli gwargwadon abin da ke aljihu.

Wanda ba shi da ko na ƙullin sai ya koma ga kara da kandilo, kuma wannan ita ce asarar da ba a gani nan take. Karan da aka bari a gona yana tare ƙurar hunturu, gara ta ci shi ta mayar da shi taki. Kashin shanu kuwa ba sai an faɗa ba. Manoman Maradi sun nuna wata hanya tun shekarun 1980: in an zo sassabe a bar kututturen da ke tohowa, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a rage sauran. Bayan 'yan shekaru rassan da ake ragewa duk shekara sun isa a hura wuta, gawo da sabara da kalgo suna nan tsaye a gona, karan kuma ya tsira ya kwana a inda aka girbe shi.