Jini ɗaya, hukunci biyu: inda ƙasashe suka saɓa kan awon suga

Daga Wakilinmu a Bangui

Kwanakin baya wani dattijo mai sayar da atamfa a kasuwar Kilomita Biyar, wato PK5, ya tare ni da takardar awon jini a hannu, hankalinsa a tashe. An rubuta masa giram 1.05 na suga a kowace lita ta jini, kuma ma'aikacin lafiya ya shaida masa cewa babu matsala. Amma da ya karanta wa ɗansa da ke Amurka lambar ta waya, sai yaron ya ce ai mahaifin nasa yana gab da kamuwa da ciwon suga. To, wa ya yi kuskure? Amsar ita ce babu, kowa da ma'aunin da ya bi.

Kan ciwon kansa, bakin masana ya zo ɗaya. Idan mutum ya kwana, ya yi aƙalla sa'o'i 8 bai ci komai ba, aka auna aka sami giram 1.26 ko fiye, aka maimaita wata rana aka sake samun haka, to ciwon suga ya tabbata. Saɓanin yana wajen mutanen da ke bakin ƙofa, ba su shiga ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan mataki yana farawa ne daga 1.10 zuwa 1.25, kuma haka Faransa take bi. Ita kuwa ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka, a shekarar 2003 ta sauko da iyakar zuwa 1.00, don a fara gargaɗi da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta bi ta ba. Saboda haka dattijon namu lafiyayye ne a Bangui, amma abin sa wa ido ne a Amurka.

Haka abin yake a awon HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Amurka tana fara gargaɗi daga kashi 5.7 cikin ɗari, Ingila da Kanada kuwa sai an kai 6.0. Sai dai masu sikila, ko masu ƙarancin jini irin wanda zazzaɓin cizon sauro kan jawo, su sanar da likita, domin awon kan iya ba da lambar da ba ta gaskiya ba.

Akwai kuma wani tarko da ya fi shafar fatakenmu masu zirga-zirga tsakanin Bangui, Duwala da Kano. A nan da giram ake lissafi, a wasu ƙasashen kuwa da miligiram ko milimol. Jinin da ya nuna 1.05 a nan, shi ne 105 a wata na'urar, shi ne kuma 5.8 a wata. Duk wanda ya sayo na'urar awo daga waje, ya fara duba ma'aunin da ke jikinta kafin ya tsorata ko ya saki jiki.

Shi jiki bai san iyakar ƙasa ba, haɗarin a hankali yake hawa. Abin farin ciki, binciken da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu wannan matsayi da suka rage ƙiba, suka riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari.

Don haka shawarar da na ba dattijon, ita nake ba mai karatu: a rage sukari a shayi, a sassauta malmalar gozo, a taka zuwa kasuwa maimakon hawa babur, a koma awo duk shekara, kuma ranar awon kada a kurɓi shayi sai an ɗibi jinin. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.