Laranto: Inda wutar lantarki ke yanke hukunci kan kwamfutar wasa kafin a zaɓi madabod

Unguwar Laranto da ke Jos ta Arewa ta yi suna ne da kasuwar Katako, inda ake cinikin katako da hatsi da gwanjo. Ba nan ake zuwa neman kayan kwamfuta ba. Matashin unguwar da ya ƙudiri aniyar harhaɗa kwamfutar wasa da hannunsa sai ya gangara shagunan titin Ahmadu Bello da kewayen Taminus, idan bai samu abin da yake so ba kuma ya yi oda daga Banex Plaza a Abuja ko Computer Village a Ikeja, a sako masa a mota. Sau da yawa kuɗin yana fitowa ne daga aljihun uba ko yaya da ke aikin gwamnatin tarayya a Abuja, wanda aka turo wa jerin sunaye da lambobi ta WhatsApp, aka ce ya biya. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, jerin nan yana iya cinye albashin watanni na ma'aikaci mai matsakaicin matsayi.

Abin da ya fi ɗaukar ido a jerin shi ne madabod, wato babban allon da ake dasa kowane sashe a kansa. A nan kuma aka fi ɓarnatar da kuɗi. Madabod ba ya ƙara wa wasa gudu. Idan aka ɗora furosesa iri ɗaya da katin hoto iri ɗaya a kan allo mai tsada da kuma mai matsakaicin farashi, da wuya ɗan wasan EA Sports FC ya ga bambanci a fuskar talabijin ɗinsa. Aikin allon shi ne ya fayyace abin da zai shiga cikin kwamfutar yau, da abin da za a iya ƙara mata bayan shekara uku.

Maganar tana farawa daga soket, gurbin da furosesa ke zama. Kamfanin AMD ya fito da soket ɗin AM4 a 2016, ya kuma ci gaba da yi masa sababbin furosesa shekara da shekaru, shi ya sa kayansa suka cika kasuwar na hannu. A 2022 ya kawo AM5, wanda ba ya karɓar kowace irin RAM sai DDR5. Intel kuwa ya kawo LGA1700 a 2021, ya yi masa zubi uku na furosesa, na 12 da na 13 da na 14, sannan ya koma LGA1851 a 2024. Babu furosesar da ke shiga soket ɗin da ba nata ba, kuma DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5 ko da an danna da ƙarfi. Allunan LGA1700 suna da wani tarko na daban: wasu na DDR4 ne, wasu na DDR5, alhali sunayensu kusan ɗaya ne, bambancin ɗan harafi ne a ƙarshen lamba. Wanda ke zaune a Legas zai koma shago ya canza da yamma. Na Laranto sai ya sake biyan kuɗin mota, ya jira kwanaki, ya yi ta roƙon mai shagon da bai taɓa gani ido da ido ba.

Ko soket ya dace, da sauran rina a kaba. Allon B450 da aka ƙera kafin fitowar Ryzen 5000 ba zai tashi da Ryzen 5 5600 ba sai an sabunta masa BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da allon. Wasu alluna suna da maɓallin da ke ba da damar yin haka da filashi kawai, ba tare da furosesa ba. Waɗanda ba su da shi sai an aro tsohuwar furosesa. A garin da ba kowane shago ke da abin aro ba, wannan ɗan maɓalli ya fi fitilu masu launi amfani nesa ba kusa ba. Haka nan Ryzen 5 5600 da furosesoshin Intel masu harafin F a ƙarshe ba sa fitar da hoto da kansu. Wanda ya ce zai sayi katin hoto "wata mai zuwa" zai zauna da akwati mai hura iska, fuska baƙa ƙirin. Ryzen 5 5600G ita ce ke iya riƙe gida har katin ya zo.

Ga mai kuɗi daidai gwargwado, allon B550 a kan AM4 da RAM mai gigabait 16 a sanda biyu ya isa yawancin wasannin da ake bugawa. AM5 da allon B650 ya fi tsawon rai, amma farashin DDR5 ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, sa'ad da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka wawure kasuwar. Wanda ya sayi tsohuwar hanya da saninsa bai yi wauta ba. Wautar ita ce biyan farashin sabuwa a kan tsohuwa.

Akwai kuma jarabar kwamfutocin ofis na tokumbo, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, waɗanda ake samu da araha. Da yawansu allonsu da mahaɗin wutarsu na kamfanin ne kaɗai, ba sa bin ma'aunin ATX da sauran kasuwa ke bi, akwatinsu kuma ya yi wa babban katin hoto kaɗan. Ƙari a kan haka, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Arha, in ji Bahaushe, ba ta ado.

Sai dai duk wannan lissafi bai kai matsalar wuta nauyi ba. Mazauna Jos ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon lantarki ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Amma ɗaukewar wuta ba ita ce ke kashe madabod ba. Dawowarta da ƙarfi, da raguwarta da tsakar dare, da sauyawa zuwa ƙaramin janareta, su ne ke ƙona kaya. Abin da ke tsaye tsakanin soket ɗin bango da allon shi ne fawa-fak, kuma shi ne sashen da matasa suka fi tsuke wa kuɗi, domin ba ya fitowa a hoto. Ryzen 5 5600 tana da ma'aunin wat 65, katin RTX 3060 yana jan kusan wat 170, Nvidia kuma ya ba da shawarar fawa-fak mai wat 550 a gare shi. Lambar da ke jikin kwali kaɗai ba hujja ba ce: fawa-fak marar suna da aka rubuta wa wat 700 yana iya gaza abin da na kamfanin kirki mai 550 ke ɗauka cikin sauƙi, kuma idan ya mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Tambarin 80 Plus ma ƙarancin asarar wuta yake aunawa, ba kariya ba. Idan jerin da aka turo ya ƙunshi allo mai tsada amma babu UPS ko sitabilaiza, mai biya yana da ikon mayar da shi a sake rubutu. Wanda gidansa ke da inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta ya riga ya wuce rabin matsalar.

Yanayin Filato yana rage wani kashe kuɗin. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta sananne ne, don haka na'urar sanyaya furosesa da ruwa ƙawa ce kawai ga mai furosesa mai wat 65. Fankar da ta zo a kwali ta wadatar. Ƙurar hunturu ce abin tsoro, balle ga gidajen da ke maƙwabtaka da injinan yankan katako. Akwati mai raga a gaba, wadda za a cire a kakkaɓe, ya fi mai gilashi ta ko'ina. Abin lura a gefe: dalmar da ke riƙe kowane ɗan ƙarfe a jikin madabod yawancinta kuza ce, ma'adinin da haƙarsa ta gina Jos tun farkon ƙarni na 20. Garin ya daɗe yana fitar da ɗanyen abin, yana sayen gyararren da dala.

Katin hoto shi ne ya cancanci kaso mafi tsoka, nan kuma kasuwar na hannu take da haɗari. Tun Satumbar 2022, da Ethereum ta daina dogaro da haƙa da katunan hoto, aka zubo wa duniya katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. Wasu lafiyarsu lau, wasu fankarsu ta gaji. Ba a gane su da ido, sai an kunna wasa mai nauyi na rabin sa'a ana duban zafinsu.

Nan ne zaman mai biya a Abuja yake da amfani fiye da tura kuɗi. Zai iya tsayawa a shago ya sa a haɗa allo da furosesa da RAM a kan tebur, a kunna har BIOS ta bayyana, ta nuna sunan furosesar da adadin RAM ɗin daidai da rasit. A allon Intel da na AM5 a haska fitilar waya cikin soket, domin ƙananan alluran suna jikin allon ne, guda ɗaya ta lanƙwashe mai shago zai ce a hanya ta faru. A AM4 alluran suna jikin furosesa. A rubuta lambar kowane sashe da kwanakin garanti a rasit, a mayar da allon cikin ledarsa ta asali, a cire katin hoto a naɗe shi daban kafin a miƙa wa direban da zai bi ta Keffi da Akwanga ya hau tudun Jos da shi.