Me Ke Sa Gini Ya Rufta Bayan Gobara? Abin Da Ya Faru Da Benen Plasco

Da safiyar ranar 19 ga Janairu, 2017, wuta ta tashi a saman wani bene mai hawa 17 da ake kira Plasco a tsakiyar birnin Tehran na ƙasar Iran. An gina shi ne a 1962, kuma cike yake da shagunan tufafi da ɗakunan ɗinki. 'Yan kwana-kwana sun shafe kusan awa uku da rabi suna fama da wutar. Ana cikin haka, gidan talabijin na ƙasar yana nuna abin kai tsaye, sai ginin ya zube cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sama da mutum 20 ne suka rasu, 16 daga cikinsu 'yan kwana-kwana.

Duk wanda ya ga bidiyon a wayarsa, tambayar da zai fara yi ita ce: ta yaya wuta za ta kayar da ginin ƙarfe?

Ba sai ƙarfe ya narke ba

Ƙarfen gini ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 a ma'aunin Selshiyos, gobarar cikin gini kuwa yawanci ba ta wuce digiri 1,000. Wannan ne ke ruɗin mutane. Amma wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san maƙeri ba ya jiran ƙarfe ya zama ruwa. Da ya yi ja sai ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama. Haka abin yake a gini. A wajen digiri 600, ƙarfe ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, alhali nauyin da ke kansa bai ragu ba.

Akwai kuma miƙewa. Ƙarfen da aka gitta kamar azara don ya ɗauki dekin, idan tsawonsa mita 10 ne, zai ƙaru da kusan santimita 7 a wannan zafin. Ba shi da wurin zuwa, sai ya tura ginshiƙan da ke gefensa waje, ko shi kansa ya lotsa ƙasa. Idan wutar ta lafa ya fara hucewa, sai ya tsuke, amma a lanƙwashe, ya riƙa jan mahaɗarsa da ginshiƙi har walda ko noti su tsinke. Shi ya sa lokacin da hayaƙi ya ragu, kowa ya ɗauka an gama, yana iya zama lokacin da ya fi haɗari.

Da zarar dekin ɗaya ya faɗa kan na ƙasansa, magana ta canza. An tsara kowane hawa ne ya ɗauki kayan da ke zaune a kansa, ba wanda ya faɗo daga sama ba. Biyu su haɗu su faɗa kan na uku, a haka har ƙasa.

A Plasco, ƙarafan ginin ba su da rufin da ke kare su daga zafi, kuma babu na'urar da ke fesa ruwa da kanta idan ta ji wuta. Ga yadi jibge a kowane hawa, abincin wuta kenan. Hukumomin birnin sun ce sun sha yin gargaɗi kan ginin, sai dai gargaɗin bai wuce takarda ba. Tushen gobarar kuwa, haɗuwar wayar lantarki ce.

Kankare ma yana da iyakarsa

Mai shago a benen kasuwa irin na Kantin Kwari zai iya cewa nasu na kankare ne, ba ruwansu. Gaskiya kankare ya fi ƙarfe zalla jure wuta, amma akwai danshi a cikinsa. Idan zafi ya yi yawa, danshin ya zama tururi, ya riƙa fasa fatar kankaren tana ɓarewa, rodin da ke ciki ya fito fili, wuta ta same shi kai tsaye. A watan Mayu na 2008, wani ɓangare na benen kankare na sashen koyon zanen gine-gine a jami'ar Delft ta ƙasar Holan ya rufta bayan sa'o'i yana ci. Injin sayar da kofi ne ya haddasa wutar. Ba a rasa rai ba, domin an kwashe kowa tun da wuri.

Ruwan kashe wutar shi ma nauyi ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma dilar atamfa ko katifa tana shanye shi ta riƙe, a kan dekin da ya riga ya yi rauni.

Inda waya ta shigo

Abu biyu aka fi yi wa mutane tsiya a kai bayan Plasco. Na farko, wasu masu shaguna sun koma ciki don kwaso kaya da takardu. Na biyu, jama'a sun cika titi da wayoyi a sama suna ɗaukar hoto da bidiyo, har motocin agaji suka sha wahalar wucewa. Mai ɗaukar bidiyo a gindin benen da ke ci bai ma san a ina yake tsaye ba: ɓaraguzai ba a tsaye suke sauka ba, bango yana iya kifowa waje. Ƙa'idar da 'yan kwana-kwana ke bi ita ce a ja baya aƙalla tsawon ginin sau ɗaya da rabi. Aikin da ya fi dacewa da waya a lokacin shi ne kiran lambar gaggawa, 112 a Najeriya, da faɗin wurin dalla-dalla.

Alamomin da ke nuna gini na shirin tafiya sun haɗa da ƙarar ƙas-ƙas daga cikin bango, sabuwar tsagewa, dekin da ya yi ciki, da ƙofar da ta ƙi rufuwa alhali jiya lafiya take. Sai dai wani ginin ba ya ba da ko ɗaya.

Bayan wuta ta mutu, shafe da fenti suna ɓoye ɓarna ne kawai. Injiniyan gini ne zai duba kafin kowa ya koma: yana ƙwanƙwasa kankaren ya saurari inda ya yi holoƙo, ya yanki samfuri a gwada ƙarfinsa, ya kuma duba launinsa, domin wani kankaren yana komawa ja-ja idan zafin da ya sha ya haura digiri 300.