Ashirin da takwas iri biyu ce: Rubutun da ke jikin tayar keke

A matsayina na ɗalibin harshe, ba na raina kowane irin rubutu, ko da na jikin tayar keke ne. Mai karatu zai ji masu faci a Kaura Goje suna cewa "'yar ashirin da takwas", kamar magana ta ƙare ke nan, alhali sunan abu biyu ya haɗa.

Tayar tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix, mai alamar 28 x 1½, tana hawa ne kan wili mai faɗin milimita 635. Ta keken tsere kuwa, wadda Faransawa suka laƙaba wa 700C, ita ma akan kira ta 28, amma 622 ce. Abin dariya, wadda ake kira 27 milimita 630 ce, wato ta ɗara wata 28 ɗin! Wanda ya saya da suna kawai, ko dai ta ƙi shiga, ko ta yi sako-sako ta fice ana tsakiyar tafiya. Lambar da na amince da ita ita ce irin 25-622: ta farko kaurin taya, ta biyu faɗin wili.

Batun ranar ƙira ya fi ruɗani. Tun shekarar 2000 tayar mota ke ɗauke da lambobi huɗu. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Masu ƙera tayar keke ba su da ƙa'ida guda, kowa da salonsa. Ga shi roba na bushewa a zafin Kano ko ba a hau ta ba, don haka sai mai saye ya lanƙwasa gefenta ya duba ko ta fara tsattsagewa.