Lokoja, garin da aka binne sarakunanmu

A nan unguwar Bani Malik ta Jidda, inda nake zaune ina karatun digiri na biyu, akwai dattawan da idan ka tambayi asalinsu za su ce maka kakanninsu sun baro ƙasar Hausa ne zamanin zuwan Nasara. Su ne jikokin waɗanda suka yi hijira gabas. Da na je gida hutu bara, sai na ce bari in ga inda aka kai waɗanda suka faɗa hannu. Na hau mota zuwa Lokoja.

Garin yana gindin dutsen Patti, daidai inda Kwara ta haɗu da Binuwai. Zafinsa mai gumi ne, wanda ya saba da Jidda ba zai yi baƙunta ba. A nan ne ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya karɓi mulkin Arewa. Gidan hutawarsa yana nan a kan dutsen. Daga can sama kana hango kogunan biyu da kwale-kwalen masunta ƙanana kamar ƙwaryar shan fura. Wurin yana da kyau, ba musu. Can ake fara kai baƙo, sannan maƙabartar Turawa.

Ni kuwa unguwar Kabawa na nufa, sai da na yi ta tambaya kafin na samu. Can Sarkin Kano Alu Mai Sango yake kwance. Yana Sakkwato Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Bayan an kama shi aka tura shi Yola, daga nan Lokoja, inda ya rasu a 1926. Shekara 23 ke nan bai sake taka Kano ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda har yau ake karanta waƙoƙinsa, shi ma a garin ya cika a 1924 bayan an tuɓe shi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne shirun wurin. Ba tambari, ba dogari, sai awaki da yara masu dawowa daga makarantar allo. Mutanen da a makaranta muka haddace sunayensu don cin jarrabawa, ga su a bayan gidajen jama'a, kuma mafi yawanmu mun sha ratsa Lokoja a motar Legas, mu tsaya mu sayi soyayyen kifi mu wuce.

Na tsaya daga bakin katanga na yi musu addu'a. Wani dattijo da ke alwala ya tambaye ni daga ina. Na ce Kano. Ya ce to, in ƙara matsowa.