Tsuntsun da Ya Shiga Ɗaki

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, cikin tsakiyar hunturu. Na taso daga Gumel da sassafe da kyamara rataye a wuya, niyyata in ɗauki hoton raƙuma da shanun da ake korowa daga Nijar. Garin nan ya yi suna da yankin ciniki maras shinge da gwamnatin Jigawa ta kafa a zamanin Saminu Turaki, amma duk wanda ya san Maigatari ya san kara ce ruhinta. Ina bayan karar, kusa da inda mahauta ke fiɗa, sai wani yaro ya nuna sama ya ce ga mikiya can.

Na ɗaga kai. Wani tsuntsu ne yake jewa cikin hazo, fikafikai a buɗe, ko sau ɗaya bai kaɗa su ba. Ya yi sama, ya karkace, ya dawo. Na bi shi da kyamara har wuyana ya ƙage, ƙura na shiga ido, hotunan kuwa duk ɗigo ne baƙi a kan farin sarari. Wani dattijon mahauci da ke wasa wuƙa ya jima yana kallona.

"Malam, me kake harbi a sama?"

"Mikiya nake so in ɗauka, Baba."

Ya yi murmushi. "Allah ya ba da sa'a. Da ungulu ka ce, sai in ce ka makara."

Sai a lokacin na lura. Ga jini, ga tumbi, ga ƙasusuwa, amma babu ungulu ko ɗaya a kan katanga ko bishiya. Mu da muka tashi muna jifan ta a bakin kwata! Maganar dattijon ce ta tuno mini da labarin wani tsuntsu da ya ƙare rayuwarsa a arewa da wannan kasuwa, a ƙasar Damagaram.

A shekarar 2013 aka ƙyanƙyashe shi a dajin Dadiya, arewa maso gabashin Girka, kusa da iyakar Turkiyya. Jinsinsa wata ƙaramar ungulu ce da Turawa ke dangantawa da Masar. Babbarta fara ce tas, fuska rawaya, bakin fikafikai baƙi. 'Ya'yanta kuwa baƙi-baƙi suke tashi, sai sun yi kamar shekara biyar kafin su yi fari. Tsuntsuwa ce mai wayo. A 1966 mai binciken dabbobi Jane Goodall da mai ɗaukar hoto Hugo van Lawick sun ba da labarin yadda suka gan ta a Tanzaniya tana ɗaukar dutse da baki tana jifan ƙwan jimina har ya fashe. Tun 2007 take cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar ɓacewa, kuma a lokacin da ake wannan labari, ma'auratan da suka rage a duk yankin Balkan ba su kai ɗari ba.

Saboda haka masu kare tsuntsaye na Girka da Bulgeriya suka shiga bin sawun 'ya'yan. Kafin ɗan ya tashi daga sheƙa sai a goya masa wata 'yar na'ura a baya, nauyinta gram 45, mai caji da hasken rana, tana aika wa tauraron ɗan Adam inda yake. Wannan ɗan suka raɗa masa suna Paskalis. Daga ranar nan ya zama ɗigo a kan taswirar kwamfuta, mutane a ƙasashe biyu suna buɗewa su ga inda ya kwana.

Kaka na yi ya nufo kudu, kuma a nan wahalar take. Manyan tsuntsaye irin su ungulu da mikiya ba da ƙarfin fiffike suke tafiya ba. Zazzafar iskar da ke tashi daga ƙasa idan rana ta bugi dutse ko rairayi ita suke hawa, ta kai su can sama, su zamo, su nemi wata. A kan teku babu irin wannan iska. Shi ya sa manyan da suka san hanya suke zagayawa ta Turkiyya da Siriya su shigo Afirka ta Masar. Yaran da ba su samu babba sun bi ba sai su miƙe kudu sak, su faɗa Bahar Rum. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa cikin 'ya'ya goma da suka gwada ƙetare tekun, ɗaya ne kawai ya kai gaɓa. A da, da jinsin ke da yawa, ɗan da ya tashi bai rasa ayarin da zai bi. Yanzu manyan sun yi ƙaranci, yaran na tafiya da ka.

Paskalis ya tsira. Ya ratsa Sahara, ya sauka a kudancin Nijar, a jihar Damagaram, kimanin kilomita 140 daga iyakar Najeriya. Nan ya yi hunturunsa, cikin ƙasar makiyaya, inda ba a rasa mushe. Ina yawan tunanin cewa akwai ɗan Fulani ko Buzu da ya kalle shi a bakin rijiya, wataƙila ma ya koro shanun da aka sayar a wannan kara, bai san cewa tsuntsun nan yana da suna ba, balle a ce ana jiran labarinsa a wata nahiya. 'Ya'yan wannan jinsi sukan yi shekara ɗaya da rabi ko fiye a Afirka kafin su koma inda aka haife su. Masu bin sa sun ɗauka mafi munin tafiyar ya wuce.

A ƙarshen watan Fabrairu na 2014 ɗigon ya canza hali. Tsuntsu yakan tashi da hantsi, ya yi yawo, ya dawo makwanci da yamma, wanda ya saba kallon taswirar ya san wannan zanen kamar tafin hannunsa. Sai ga saƙo yana fitowa daga wani gida a cikin ƙauye. Bayan 'yan kwanaki kuma ya ɓullo a Najeriya. Ungulu ba ta shiga ɗaki, ba ta bin hanyar mota. Na'urar tana nan tana aiki, amma yanzu tafiyar mutum take nunawa.

Daga Turai aka nemi taimako. A ɓangaren Nijar ma'aikatan ƙungiyar Sahara Conservation Fund suka je inda saƙon ƙarshe ya fito, suka zauna da mutanen ƙauye. A ɓangarenmu cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta bi sawun na'urar. Abin da aka gano shi ne wani maharbi ne daga Najeriya, wanda ya saba ƙetarawa farautar ungulu, ya kashe shi, don a sayar wa masu haɗa asiri. A 2018 aka buga rahoton a matsayin karon farko da aka tabbatar da hujja cewa an kashe irin wannan tsuntsu a Afirka ta Yamma saboda tsafi.

Ni dai ban iya ɗora laifin duka a kan maharbin ba. Da babu mai saye, da bai sha ranar Damagaram ba. Kan ungulu ake nema fiye da komai, ana cewa tunda tana hango mushe daga nesa, za ta sa mutum ya hango sa'a a kasuwa ko a zaɓe. Wanda ke biyan kuɗin ba a ƙauye yake ba, kuma sau da yawa da babbar riga yake zuwa. Hausawa sun ce ungulu da kan zabo idan an yi wa mutum rufa-ido. To yanzu kan ungulun ne ya fi na zabon tsada.

Lissafin ma yana nan. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin, ya tarar manyan ungulaye da mikiyoyi sun kusa ƙarewa a wajen gandun daji. A 2015 aka sa ungulun kwata, wadda muka raina, a matakin ƙarshe kafin ɓacewa. Indiya ta riga mu ɗanɗana abin: bayan wani maganin dabbobi ya kashe ungulayenta, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, kuma wasu masana tattalin arziki sun ƙiyasta cewa an yi asarar rayukan mutane kusan dubu 500 tsakanin 2000 da 2005. Gari irin Maigatari, inda dubban dabbobi ke haɗuwa kowane mako, ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Wajen la'asar tsuntsun nawa ya sauko, ya zauna a kan wata bishiyar kuka. Na lallaɓa, na jingina da katanga, na riƙe numfashi, na samu hoto uku masu kyau kafin wani ɗan acaɓa ya tayar da shi. A mota, kan hanyar komawa Gumel, na zuƙo hoton na duba. Baki rawaya, wutsiya mai tsaga a tsakiya. Shirwa ce.

Paskalis bai cika shekara ɗaya a duniya ba. Gashinsa bai fara yin fari ba.