Yaushe Ya Kamata A Sauya Wa Dashe Mazauni?

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Aliero, ta ratsa Jega, ta nufi Maiyama a farkon hunturu, zai ga manoma a sunkuye cikin fangula suna dasa albasa. In kuwa a farkon damina ya bi, zai tarar da dashen mangwaro da gwaiba da dogon yaro an jera su cikin baƙar leda, suna jiran mai saye. Aikin manomin albasa da na mai renon itatuwa duk tushensu ɗaya ne, wato a raini tsiro a ɗan ƙaramin wuri, sa'an nan a mayar da shi inda zai wala. Tambayar da ke gaban kowannensu ita ce, yaushe ne lokacin wannan ƙaura? In aka yi gaggawa tsiro ya mutu, in aka yi jinkiri ya tsumbure.

Wannan tambaya ta shafi ɗalibai da malamansu kai tsaye. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 na Arewacin Nijeriya da ke fuskantar gurgusowar hamada, waɗanda aka sa cikin shirin nan na kafa gandun itatuwa daga yammacin Afirka zuwa gabashinta, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Kowace damina ana raba dashe a makarantu, a dasa da murna. Amma bayan shekara biyu ko uku sai a ga wasu sun bushe, wasu sun ƙi girma, wasu kuma iskar farkon damina ta kayar da su. Akan ɗora laifin a kan awaki da gara da fari. Sai dai in aka tono irin waɗannan itatuwa, sau da yawa akan tarar saiwarsu ta naɗe kamar gammo. Tun suna cikin leda aka cuce su.

Abin Da Ke Faruwa A Ƙarƙashin Ƙasa

Mu 'yan Adam ganye da reshe muke gani, saboda haka da su muke auna lafiyar tsiro. Amma rabin rayuwarsa a ɓoye take. Saiwa ce ke kafe shi a ƙasa, ita ce ke tsotso masa ruwa da gishirin abinci. Ba kuma manyan saiwoyin nan masu kauri ke yin mafi yawan tsotson ba. A kusa da ƙarshen kowace ƙaramar saiwa akwai wasu siraran zarurruka da ake kira gashin saiwa, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Su ne bakin tsiro.

Domin mai karatu ya gane yawansu, ga misali. A shekarar 1937 wani masanin tsirrai a Amurka, H. J. Dittmer, ya shuka wani hatsi dangin alkama a cikin ɗan akwati. Bayan wata huɗu ya wanke ƙasar a hankali, ya yi lissafin saiwoyin tsiro guda ɗaya tak. Ya samu sun haura miliyan 13, kuma da za a haɗa su baki da baki, tsawonsu zai wuce kilomita 600, wato fiye da nisan Jega zuwa Sakkwato sau huɗu. Gashin saiwa kuwa ya kai kimanin biliyan 14.

Saiwa ba ta daina tafiya. A gona takan bi duk inda ta ji laima. A cikin leda ko gwangwani kuwa, da ta ci karo da bango ba ta da zaɓi sai ta karkata ta bi jikinsa, ta yi ta zagayawa. Tun ana da ƙasa mai yawa da saiwa kaɗan, har a wayi gari saiwa ta fi ƙasa yawa. A nan matsaloli uku ke tasowa. Na farko, ɗan ruwan da mazubin ke riƙewa ba ya isar ganyen da ke sama, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da tsiro ke sha fita yake yi ta ƙananan kofofin ganye. Na biyu, abincin da ke cikin ƙasar yakan ƙare. Na uku, saiwa ma numfashi take yi, tana buƙatar iskar oksijin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma in wuri ya cushe iskar takan yi ƙaranci.

A shekarar 2012 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Hendrik Poorter a ƙasar Jamus suka tattara sakamakon bincike 65 da aka yi a kan tsirrai iri-iri. Suka gano cewa idan aka ninka girman mazubi sau biyu, nauyin tsiro yakan ƙaru da kimanin kashi 43 cikin ɗari. Sun kuma lura cewa ganyen tsiron da ke cikin ƙunci yakan rage haɗa abinci daga hasken rana. Ashe ke nan saiwa in ta matsu, ganye ma yakan ji a jikinsa.

Alamomin Da Za A Duba

Tsiro ba ya magana, amma yana nuni. Ga abubuwan da mai reno zai sa wa ido:

1. Saiwa ta fara leƙowa ta hudojin gindin leda, ko ma ta shige ƙasar da aka ajiye ledar a kai.

2. An ba shi ruwa da safe, kafin azahar ya yi yaushi, alhali a da yakan wuni garau.

3. In an zuba ruwa sai ya zarce ta gefe ya fita nan take, bai jiƙa tsakiya ba.

4. Ganyen ƙasa suna yin rawaya suna zuba, sababbin ganye kuma suna fitowa ƙanana.

5. Tsiro ya yi wa mazubinsa girma, har iska kaɗan takan tuntsurar da shi.

Sai dai kowace daga cikin waɗannan alamomi tana iya samun wani dalili dabam, kamar cuta ko rashin taki. Hanyar tabbatarwa ita ce a duba saiwar da ido. A ba tsiron ruwa, a jira kamar sa'a ɗaya, a sa tafin hannu a bakin mazubin, karan tsiron yana tsakanin yatsu, a kife, a ɗan bubbuga gindin, a zare. Idan ƙasar ta wargaje ta zube, lokaci bai yi ba, sai a mayar a ƙara haƙuri. Idan ta fito a dunƙule da siffar mazubin, ga fararen saiwoyi sun bayyana a gefe jefi-jefi, to, wannan shi ne lokacin da ake nema. Idan kuwa saiwa ta lulluɓe ƙasar baki ɗaya, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, ta naɗe a gindi, an makara, sai gyara.

Kowane Tsiro Da Halinsa

Manoman Aliero, garin da ya yi suna a Nijeriya wajen noman albasa, sun daɗe da sanin wani abu da kimiyya ta tabbatar. Albasa ba ta da uwar saiwa mai nutsewa. Saiwoyinta sirara ne, suna fitowa daga ɗan faifan da ke gindinta, kuma in wasu suka tsinke, wasu sababbi sukan fito. Shi ya sa ake iya tumɓuke ta tsirara, ba ƙasa a jikinta, a ɗaure dami-dami a kai wata gona, ta kuma kama. Lokacin dasa ta shi ne mako 6 zuwa 8 bayan yafa iri, sa'ad da ta yi ganye uku ko huɗu, kaurinta bai wuce na fensir ba. Wadda ta wuce haka a wurin reno, in sanyin hunturu ya same ta, ta fi saurin fid da kan fure, ƙarfin da za ta sa wajen yin ƙwaya ya tafi can.

Tumatir yakan isa dashe a mako huɗu zuwa biyar. Shi kuma yana da wata baiwa, domin karansa yakan fid da saiwa a duk inda ƙasa mai laima ta taɓa shi, saboda haka ana iya dasa shi da ɗan zurfi fiye da yadda yake a da. Shinkafar da ake dasawa a fadamun Gulbin Zamfara kusa da Jega, kimanin mako uku ya ishe ta a wurin reno, in ta daɗe ba ta yin 'ya'ya da yawa a gindi. Akwai kuma waɗanda ba su son a taɓa saiwarsu ko kaɗan, kamar kankana da kabewa da kuɓewa da karas. Su a mazauninsu na dindindin ake shuka su.

Itatuwa su ne abin tsoro, domin kuskuren da aka yi musu ba ya bayyana sai bayan shekaru. Mangwaro da gawo da tsamiya suna da uwar saiwa wadda aikinta shi ne ta nutse ƙasa neman ruwa. Da ita gawo ke rayuwa a jigawa tsawon rani. In wannan saiwa ta isa gindin leda ta lanƙwashe, to, a lanƙwashe za ta yi kauri, ba ta miƙewa da kanta ko an dasa itacen a fili. Yayin da gangar jikin ke ƙara kauri, saiwar da ta zagaye ta takan shaƙe ta, kamar igiyar da aka ɗaura wa ɗan maraƙi aka manta ba a sassauta ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ta fi gaskiya a ƙarƙashin ƙasa.

Yadda Ake Yin Ƙaurar

Wani zai ce, me zai hana tun farko a shuka iri a babban bokiti a huta? Dalili shi ne ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan daɗe a jiƙe, ruwa ya kore iskar da ke cikinta, saiwar ta ruɓe. Saboda haka hawa-hawa ake yi. Sabon mazubi ya fi tsohon faɗi da kamar santimita 3 zuwa 5, kuma lalle ya kasance da hudoji a gindi. A haɗa ƙasar sama ta gona da yashi da takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Da yamma ake dashe, bayan la'asar, ko ranar da gari ya yi lumshi. Dalili kuwa, komai taka-tsantsan sai gashin saiwa da yawa sun tsinke, ganye kuma bai daina fid da ruwa ba. Sanyin dare yakan ba tsiron sa'o'i na hutu kafin rana ta fito. A guji watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Itatuwan da za a kai fili kuwa, a jira damina ta zauna, wato daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin su sami ruwan sauran watannin kafin kaka. Mako ɗaya ko biyu kafin ranar, a riƙa rage musu ruwa da inuwa kaɗan-kaɗan domin su saba da wahalar fili.

A ranar dashe, a sa reza ko wuƙa mai kaifi a yanke gindin ledar kamar santimita ɗaya ko biyu, wanda zai tafi da saiwar da ta naɗe. A tsaga ledar ta gefe a cire ta gaba ɗaya, kada a binne tsiro da ita. In akwai saiwoyi masu zagaye a gefe, a warware su da yatsa ko a yanke su. A sa itacen a rami yadda wuyansa, inda kara ya haɗu da saiwa, zai yi daidai da fuskar ƙasa. A cika, a danna a hankali, a ba shi ruwa nan take, a kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi. Masu reno kuma su riƙa ɗaga ledoji suna gusar da su duk bayan mako biyu, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa.

Gwaji Domin Ɗalibai

Malamin kimiyyar noma zai iya nuna duk wannan ba tare da kashe kuɗi ba. A samo ƙananan gwangwanayen madara guda shida da manyan gwangwanaye guda uku, a huda gindinsu, a cika su da ƙasa iri ɗaya. A shuka tumatir a ƙananan, a bar tsiro ɗaya a kowanne. Bayan mako huɗu, a mayar da uku cikin manyan gwangwanaye, a bar uku inda suke. A ajiye su wuri ɗaya, a ba su ruwa lokaci ɗaya. Kowace ranar Litinin ɗalibai su auna tsawo, su ƙirga ganye, su rubuta a littafi. A mako na takwas a zare duka, a wanke saiwoyin, a shimfiɗa su a kan takarda a kwatanta. Abin da idonsu zai gani ya fi duk bayanin da za a rubuta musu a allo.

Kammalawa

A taƙaice, kalanda tana taimakawa, amma saiwa ce ke faɗin lokaci. Wanda ya saba duba ta ba zai yi gaggawa ba, ba kuma zai makara ba. Muna kira ga ɗalibai, musamman na Jega da Aliero da Maiyama, inda sana'ar dashe take a bakin ƙofa, kuma ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero tun 2006, da su riƙa zuwa gona suna tambayar iyayensu dalilin abin da suke yi, su kuma gwada amsar da abin da suka koya a aji. In kuma aka miƙo muku dashe a damina mai zuwa, kafin ku haƙa rami, ku fara juya ledar ku duba gindinta.